Zuwa ga abokan cinikinmu na Nima da Mamobi: za mu rufe ma'ajiyar hotuna na kwana huɗu

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan'uwa masu ɗaukar hoto da ke ajiye aikinsu a wajenmu.

Daga Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci har zuwa daren Litinin, ba za mu iya ciro wa kowa tsohon hoto ko bidiyo ba. Shago na nan a buɗe, ɗaukar hoton fasfo da wanki da buga takardu duk za su ci gaba. Ma'ajiyar ce kaɗai za mu taɓa, kuma tunda kayanku ne a ciki, ya kamata ku san abin da za a yi mata.

Wanda ya taɓa leƙa ɗakin baya ya ga wani ɗan akwati a kan kanta yana ƙyafta fitila. Na'urar ajiya ce ta Synology mai gurbin faifai biyu, an jona ta da duk kwamfutocin shagon. Aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani, tarbar alhazai, duk abin da muka ɗauka tun da muka saye ta yana cikinta. Faifan biyu kowanne terabait 2 ne, amma ba a haɗa su su zama 4 ba. An tsara su ne yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya sai a rubuta irinsa a ɗayan, tsarin da ake kira RAID 1, don in ɗaya ya mutu ɗan'uwansa ya riƙe kayan. Yanzu wuri ya kusa ƙarewa, domin bidiyon biki ɗaya na kyamarorin yau ya fi na bukukuwa da yawa na da nauyi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ɗaya daga faifan ya fara nuna alamar gajiya a gwajin lafiyar da na'urar ke yi masa. Bai ɓatar da komai ba tukuna, mu kuma ba za mu jira ya ɓatar ba.

Mun sayo sababbi biyu a Circle da ke nan Accra, terabait 8 kowanne, irin waɗanda aka ƙera don aiki dare da rana. Na'urar za ta nuna kusan 7.3 ne, don masu ƙera faifai da dubu suke lissafi, ita kuwa da 1024. Ba cutar mu aka yi ba.

Dalilin kwana huɗun ke nan: ba a cire faifan biyu a lokaci guda. Za mu fara kwafe komai zuwa wani faifai na waje, mu buɗe manyan fayiloli mu gani da idonmu cewa sun kwafu lafiya, mu kai shi gida. Sannan mu cire mai gajiyar mu sa sabo, na'urar ta kwashe duk abin da ke kan tsohon da ya rage ta zuba a kansa. Wannan shi ne lokacin da ya fi haɗari, domin na tsawon awoyi masu yawa tsohon faifai ɗaya ne ke ɗauke da komai, ana kuma karanta shi daga farko har ƙarshe. In muka riƙa ciro wa mutane bidiyo a lokacin, ƙarin wahala ne a kansa. In na'urar ta gama sai a maimaita da na biyu, sai a faɗaɗa wurin. Kun san halin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, shi ya sa muka canza batirin UPS, akwatin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, muka kuma jona shi da na'urar yadda za ta tsayar da aikinta cikin tsari idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Ƙurar hunturu da ta toshe fankarta ma za mu share ta.

Aiki na ƙarshe shi ne sabunta manhajar da ke tafiyar da ita, daga DSM 6.2 zuwa DSM 7, wadda ta fito tun 2021. Mun daɗe muna jan ƙafa, domin in an hau ba a saukowa, kuma tsohuwar ba ta taɓa ba mu matsala ba. Amma an daina fitar mata da gyaran tsaro, ga shi na'urar na jone da intanet. A 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi ta tsohuwar hanyar musayar fayiloli ta SMB1 ta kulle kwamfutoci har a asibitocin Ingila. A ma'ajiyar nan akwai hotunan matan mutane da 'ya'yansu, akwai kwafin katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana da takardun tafiya da kuka ba mu mu buga. Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta ɗora mana nauyin tsare su, kuma ko ba doka amana ce.

Abu biyu zai shafe ku kai tsaye. Manhajar Photo Station da muke aika hotuna da ita ga 'yan'uwa a Jamus da Amurka babu ita a sabon tsarin, Synology Photos ce ta maye gurbinta, don haka kada ku dogara da tsohon adireshin da ke wayarku. Za mu aiko da sabo ta WhatsApp. Na biyu, za mu rufe SMB1 gaba ɗaya, saboda haka mai ɗaukar hoton da kwamfutarsa ta tsufa sosai ya kawo ta ranar Talata mu duba ko za ta iya shiga.

Ba za mu ƙara ko sidi ɗaya a kan kuɗin ajiya ba. Wanda ke da biki ko suna a wannan makon kuma yana bukatar tsohon hoto, ya zo da filash ɗinsa kafin la'asar ɗin Alhamis mu zuba masa.

Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Masu shagon hoto da bidiyo, Nima, Accra