Edita, ku leƙo bayan benayen Canary Wharf

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a.

Na ga rahoton da kuka kawo kan gyaran tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Landan, harda hotunan benayen gilashi na Canary Wharf, unguwar manyan bankuna, suna ta ƙyalli a bakin ruwa. To ni a nan Isle of Dogs nake zaune, yankin da Canary Wharf ɗin yake, shi yasa nace bari in tofa albarkacin bakina, don gaskiya rahoton naku gefe ɗaya kawai ya kalla.

An yi aiki kam, wannan ba musu. Wajen nan da sito-sito ne da 'yan dako, tun 1802 aka buɗe West India Docks jirage na sauke sukarin da bayi suka noma a tsibiran Karebiyan. Da zamanin kwantena ya zo sai aiki ya koma Tilbury can ƙasan kogin Thames inda manyan jirage ke iya tsayawa, a 1980 aka rufe tashar nan, magidanta da yawa suka wayi gari ba abin yi. A 1981 gwamnatin Firaminista Thatcher ta kafa hukuma ta musamman, ta karɓe ikon ba da izinin gini daga hannun ƙananan hukumomin yankin ta damƙa mata. Sai ga jirgin ƙasa na DLR a 1987, wanda ba direba a gabansa, har yau yara rige-rigen kujerar gaba suke wai su ne ke tuƙi.

Amma Edita wa aka gyara wa? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauke buhu ai ba shi banki zai ɗauka aiki ba. Ka tsallaka titin Aspen Way kawai ka shiga unguwar Poplar, zaka ga gidajen gwamnati cike da iyalai 'yan Bangladash da Somaliya da turawa talakawa, wani gidan yara huɗu a ɗaki ɗaya suna jiran layin babban gida shekara da shekaru, kuma ta tagarsu suna hango benen bankin HSBC da fitilunsa a kunne har tsakar dare. Ƙaramar hukumar Tower Hamlets da duk wannan dukiya ke cikinta tana sahun gaba wajen yawan yara masu fama da talauci a duk Ingila, wannan fa ba ku faɗa ba.

Mu ma da muke cikin sabbin benayen ba wani daɗi muke sha ba. Haya ta cinye fiye da rabin albashina. Maƙwabtana da suka sayi nasu kuma kuɗin kula da gini duk shekara sai an ƙara, alhali lifta sai ta lalace a barta haka mutum yayi ta hawa hawa goma sha da kaya niƙi-niƙi. Bayan gobarar benen Grenfell ta 2017 a nan Landan aka gano wasu benayen an lulluɓe su da abu mai saurin kama wuta, masu gidajen suka kasa sayarwa suka kasa tashi. Ga zaman kowa tasa ta fisshe shi, kayi sallama a lifta a kalleka kamar kazo roƙo, ba wanda ya san an yi haihuwa ko rasuwa a ƙofar da ke kallon tasa. Shi kansa Canary Wharf ɗin filin kamfani ne, masu gadinsa daban, dokokinsa daban.

Ni dai abinda ke riƙe ni a nan kasuwar kifi ta Billingsgate ce, in ka sammaka tun kafin asuba ka samu kifi da araha, sai gonar Mudchute inda yarana ke zuwa kallon tumaki a tsakiyar birni.

Dan Allah in wakilinku zai dawo, ya sauka a kasuwar Chrisp Street da ke Poplar ya zauna da tsofaffin da iyayensu suka yi dako a tashar, su ma a ji ta bakinsu.

Naku,
mai bibiyarku kullum daga gabashin Landan