A Yaba Wa Malaman 'Yan Ajin Ƙarshe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yaba wa malaman sakandaren 'yan mata ta unguwarmu. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, 'yata ta yi fiye da wata 4 a gida, ba wayar shiga intanet. Abin da ya riƙe ta darussan rediyo ne, sai kuma malamin lissafinsu. Bawan Allahn nan kan rubuta tambayoyi a fallen takarda ya aiko ɗansa da su gida-gida, ranar Juma'a a karɓi amsoshi ya duba da jan biro. Ko sisi bai taɓa nema ba.

Ranar 10 ga Agusta aka mayar da 'yan ajin ƙarshe, ranar 17 aka fara jarrabawar WAEC. Kwana 7 kacal! Da takunkumi a fuska suka zauna, kujeru nesa da juna. Da sakamako ya fito a Nuwamba, yarinyar nan ta ci darussa 7 har da lissafi da Turanci. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ina roƙon ma'aikatar ilimi ta nemo irin waɗannan malamai ta karrama su.

Wata uwa, daga Zariya.