Zuwa ga abokina, daga Ottawa

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya ƙafar Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Na ga saƙonka kan motar da kake so in duba maka a turo ta Kwatano. Zan zo kanta, amma bari in fara da abin da ya hana ni sakat, wato tsatsar da gishirin titi ke jawo wa motata.

Hunturu ya kawo kai, motocin watsa gishiri sun fara fitowa. Kai da ba ka san gishiri ba sai a miyar amarya, to a Kanada wajen tan miliyan 5 ake zubawa a tituna duk shekara don ƙanƙara ta narke. Yana ceton rayuka, ban musa ba, amma ƙarfe ne ke ji a jikinsa. Idan sanyi ya doshi digiri 20 ƙasa da sifili, gishirin da muka sani ba ya kataɓus, sai a haɗa da wani mai suna kalsiyam kulorayid. Shi kuwa damshi yake janyowa daga iska, ya lafe a ƙarƙashin mota ya ƙi bushewa.

Motata tayoyin gaba ne ke ja, sai sun fara santsi na baya su kama. Tsarin Haldex ake kiransa, asalinsa na Sweden, kamfanin BorgWarner na Amurka ya sayi sashen a 2011. Abin da ke sa na baya su kama wani ɗan famfon lantarki ne, bai wuce gwangwanin madara ba, yana can jikin akwatin giyar baya inda farfela, sandar da ke kai juyin inji baya, ta ƙare. Shi ke tura mai ya matse kuloci. Idan ya mutu, sau da yawa ba za ka sani ba, sai ranar da ka kafe a dusar ƙanƙara tayoyin gaba na ta juyi. Kuma duk ruwan gishirin da ke tashi daga kwalta a kansa yake sauka.

Da bakanikena, wani dattijo ɗan Somaliya, ya ɗaga motar ya haska fitila, gabana ya faɗi. Fentin famfon ya kumbura, tsatsa ta yi ja a gindinsa, ga wani farin gari a inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam. Ya ce ƙarfe iri biyu in suka haɗu ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke fara cinyewa. Muka zare soket, muka kwance notuka biyun da ke riƙe da shi, ya wanke 'yar ragar da ke bakinsa wadda ta toshe da baƙin dauɗa, ya sake mai. Dama ana so a sake shi duk shekara uku. Ni da kaina na goge tsatsar da buroshin ƙarfe, muka shafa maganin tsatsa, muka yi fenti, muka sa giris na wayoyi a bakin soket. Daga nan aka feshe wurin da Fluid Film, wani man hana tsatsa, wanda da maiƙon gashin tumaki ake yin sa. Ba ya bushewa, yana ratsa lungu, sai dai duk shekara a maimaita.

Wani a masallaci ya ce in naɗe famfon da roba, ko in sa a fesa baƙin kwaltan nan. Na ƙi. Da zarar ya tsage ruwa ya shiga, shi ke nan, tsatsa na ci a ɓoye.

Af, ashe mutumin namu na bakin kasuwa ya aurar da 'yarsa ba ka gaya mini ba? Sai a Facebook na gan ka da babbar riga, tumbi ya fito. Lallai amarya ta iya girki!

Abin da ya rage mini yanzu garejin ƙasan gidanmu ne mai ɗumi. Uwargida na so a riƙa ajiye motar a ciki saboda yara da safe, kuma tana da gaskiya. Amma ɗumin nan ne ke narkar da ƙanƙarar da ta daskare a ƙarƙashi, gishiri ya kwana yana aiki. Mun tsaya a kan duk ranar da sanyi ya sassauta zan kai a wanke ƙarƙashinta, sai dai hankalina bai gama kwanciya ba.

Maganar motarka kuwa, ni ba zan turo maka wadda ta yi hunturu a Ontario ba. Zan tambayi 'yan'uwa a Texas ko Arizona. In kuma ka ƙosa ka sayi 'yar Kwatano a nan Kano, kada ƙyallin fenti ya ruɗe ka, ka sa a shiga rami a duba bututun birki da salansa.

In ka sami mai tahowa a aiko mana da kuka da daddawa, tamu ta ƙare. Ka gaida Hajiya da yara da 'yan majalisa duka.

Naka,
abokinka na Ottawa