Raha ba ta hana Mahmud Jega zurfi ba

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan Malam Mahmud Jega, wanda ya daɗe yana rubuta sharhin ranar Litinin a shafin baya na Daily Trust kafin ya bar jaridar. Sau da yawa ina jin matasa na cewa suna karanta shi ne don su sha dariya. To, ba su yi ƙarya ba, amma sun tsaya a bakin ƙofa.

Mutumin nan kimiyyar halittu ya koyar a jami'ar Sakkwato kafin ya faɗa aikin jarida, ya yi mujallar Citizen a Kaduna, har ya zama editan New Nigerian. Shi ya sa ba ya yi wa labari hawan ƙawara. Sai ya ɗauko rigimar da ake yi yau, ya ja ka baya zuwa Jamhuriya ta Biyu, kana cikin ƙyalƙyala dariya ka farga ashe an taɓa yin irinta. Wanda ya san yadda PRP ta Malam Aminu Kano ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, ko yadda 'yan majalisar NPN suka tsige Balarabe Musa a Kaduna a 1981, shi ne zai gane inda barkwancin ya dosa. Wanda bai sani ba kuwa, dariyar kawai zai kwasa ya tashi.

Abin da ya fi burge ni, ba ya zagi. Yakan jera wa ɗan siyasa abin da ya faɗa bara da wanda ya faɗa bana, ya ja bakinsa ya yi shiru, mai karatu ya yanke hukunci. Da wasa ake gaya wa wawa gaskiya, amma sai mai wasan ya yi karatu tukuna, kuma nan ne 'yan barkwancin Facebook suke faɗuwa.

Ƙorafina ɗaya ne, da Turanci yake rubutu, alhali masu jefa ƙuri'ar da yake yi wa magana yawancinsu Hausa suke ji. Don Allah Edita, ku nemi izininsa ku riƙa fassara mana, ku kuma ba aikin ga wanda ya iya zaurance da habaici, kada a kashe masa gishiri.

Naku mai karatu,
daga Birnin Kebbi.