Baba, ina iyakar gunaguni da faɗin gaskiya?

Zuwa ga Baba Pasto mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama da yara, da kuma aikin Ubangiji. Ni ke jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a Zumuntar Mata ta wata ikkilisiya a cikin garin Sakkwato. Yawancin matanmu da ciniki suke riƙe gida: masu awon gero da wake, masu kasa albasa da tumatir, masu man gyaɗa. Darasi biyu ne a gabanmu, gaskiya cikin sana'a, da yabo a maimakon gunaguni. Kowanne shi kaɗai ba ya ba ni wuya. Haɗa su ne ya cije mini.

A kan gaskiya, Nassi bai bar mana wurin ɓuya ba. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Karin Magana 11:1 ya ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Annabi Amos kuwa, a sura 8, kamar a kasuwar Kara ya zauna ya rubuta: masu rage mudu, masu ƙara kuɗi, masu sayar da dusa da shara a sunan alkama.

Duk mai awo ta san yadda ake yi. A bubbuga gindin kwano ya shige ciki, a ido cike yake, amma ya tauye kamar tafin hannu guda. A saya da kwano mai zurfi a ƙauye, a sayar da mai lotsattsen gindi a gari. A ce buhun gero kwano 40 yake bayarwa. Da wannan dabara sai ya ba da 42 ko 43, kuma ribar da yawancin masu awo ke gani ke nan. A albasa kuma ana yi wa buhu fuska: manya masu kyau a baki, ƙanana da waɗanda suka fara ruɓa a tsakiya. Wadda ta yi sari a kasuwar Ramin Kura ba ta ganin abin da ta saya sai ta zazzage a gida, alhali ɗaya ruɓaɓɓiya tana kama na kusa da ita, musamman da zafin Maris da Afrilu. Mafi muni shi ne wake. Maimakon a busar da shi sosai a ɗure a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari da rashin iska, sai a yayyafa masa maganin feshin gona don ya fi arha, a sayar wa uwar yara ba tare da an gaya mata ba. Wannan ya wuce tauye mudu, rai ake wasa da shi.

Abin da nake koya musu a nan ba shi da kwana-kwana. Kwano ɗaya na saye da sayarwa. A zazzage albasa a ware ta kashi uku, kowane kashi da kuɗinsa. A faɗi aibin kaya kafin a karɓi kuɗi. A daina rantsuwa a kan farashi, domin Matiyu 5:37 ya ce i ɗinmu ya zama i, a'a kuma a'a. Kuma kada a ce “ko uwar kuɗina ban mayar ba” idan an mayar. Mai saye ma bai tsira ba, don Karin Magana 20:14 ya ambaci wanda ke kushe kaya a gaban mai shi, ya juya baya yana fariyar ya yi arha.

To, Baba, ga inda gizo ke saƙa. Matar da ta bi wannan koyarwa, ribarta raguwa take yi, aƙalla da farko. Ita an cuce ta a wurin sari, kuma ba za ta ɗora wa na gaba ba, don haka asarar a kanta take tsayawa. Ga la'adar dillali, ga kuɗin dako, ga kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Sai ta zo zumunci ranta a jagule, ta buɗe baki ta ce abin ya ishe ta. Nan take wata za ta tare ta da Filibiyawa 2:14, a yi kome ba da gunaguni ba, wata ta ƙara da 1 Tasalonikawa 5:18, a yi godiya cikin kowane hali. Sai ta haɗiye maganarta, ta miƙe ta ce “mun gode Allah”, a buga tulu da kacau-kacau a yi waƙa. Ni kuwa ina kallonta, na san bakin ne kawai ya faɗa. Tsorona shi ne mun hana ta ƙarya a kasuwa, mun koya mata wata ƙaryar a cikin majami'a.

Ba na musun cewa gunaguni zunubi ne. A Littafin Ƙidaya sura 11, Isra'ilawa suna da manna a hannu, amma suka zauna suna kukan kifi da albasa da tafarnuwar Masar, sun manta da bautar da suka baro. Na ga irinsa: mace ta saba da ƙorafi har ta daina ganin abin da Allah ya yi mata, daga nan kuma sai ta ba kanta hujjar komawa ga tsohon kwano, tana cewa ai kowa ma haka yake yi. Gunaguni ne ke share wa algus hanya, wannan na yarda.

Amma kuma Dawuda ya tambayi Ubangiji “har yaushe” a Zabura 13. Habakuk da ya ce zai yi murna ko da ɓaure bai yi toho ba, shi ne ya fara littafinsa da kai ƙara. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi ƙorafi cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi shiru a yi yabo ba, mutum bakwai aka zaɓa su gyara rabon. Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, da gari ya waye kuma Bulus ya ƙi fita a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu, tunda sun doke su ba tare da shari'a ba. Mutum ɗaya, dare ɗaya, ga yabo ga neman hakki.

A nawa ɗan gani, bambancin yana ga wanda aka kai wa kukan da abin da ake nema da shi. Wadda ta faɗa wa Allah, ko ta tunkari dillalin da ya yi mata fuska, ko ta kai magana ga shugabannin kasuwa, gyara take nema. Wadda ke zagayawa da shi gida-gida kuwa, ɗaci kawai take rabawa. Sai dai ban tabbata wannan ma'auni ya isa in tsaya da shi gaban mata ba, kuma ba na so in buɗe ƙofar da za ta mai da taron addu'a dandalin ƙorafi.

Don haka, Baba, ka taimake ni. Idan 'yar'uwa ta kawo kukanta a tsakiyar zumunci, me ya kamata in fara yi, kuma a wane lokaci ne ya dace a tayar da waƙar yabo? Zan iya ce mata ta yi godiya a cikin halin, ba domin halin ba, ko kuwa na rage wa ayar nauyi ke nan?

Akwai kuma maganar tayi. Idan mai kaya ta fara da kuɗin da ta san ba a nan za a tsaya ba, mai saye ya taya, ta ce albarka, har su daidaita, duka biyun sun san tsarin. Wannan ƙarya ce ko al'adar ciniki? Matanmu sun rabu biyu a kai.

Abin da ya fi nauyi a zuciyata shi ne mayarwa. Zakka ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu a Luka 19:8 ga duk wanda ya zalunta. Wadda ta yi shekaru tana awo da tauyayyen kwano ga masu wucewa da ba ta san sunansu ba, kuma yau ta tuba, wa za ta mayar wa? Ta riƙa ƙara gyara ga masu saye har wani lokaci, ko ta ƙiyasta ta kai wa gwauraye da marayu? Idan ka amsa a shirin, don Allah ka ambaci ayoyin a hankali, domin da yawa cikinmu za mu zauna da biro da takarda.

Ubangiji ya ƙara maka hikima da lafiya.

'Yarka cikin Almasihu,
daga Sakkwato