Injin yin dusar ƙanƙara ba zai maye gurbin sanyi ba

Assalamu alaikum, Edita.

Muna neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin gyara wata fahimta da ke yawo, cewa ɗumamar yanayi ba za ta taɓa wuraren wasan zamiya a kan tsaunuka ba tunda akwai injinan da ke yin dusar ƙanƙara. Lissafi bai goyi bayan wannan magana ba.

Duk mita 100 da aka hau a tsauni, zafi na raguwa da kusan digiri 0.65 na ma'aunin Celsius. Idan yanayi ya ƙara digiri ɗaya, iyakar da ruwan sama ke komawa dusa takan ja sama da kimanin mita 150. Tsaunukan Alps na Turai sun ƙara kusan digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19. Masu sana'ar wuraren zamiya kuwa suna da ma'auninsu: wuri ba ya riƙe kansa sai dusa mai kaurin santimita 30 ta kwanta kwana 100 a hunturu, a shekara 7 cikin 10. Wuraren da ke ƙasa-ƙasa su ne suka fara kasa cika wannan sharaɗi. Can ƙololuwa dusar na iya ma ƙaruwa a wasu shekarun, domin iska na ɗaukar ƙarin danshi kashi 7 cikin 100 a kowane digiri, abin da ke ruɗar masu cewa ai bana an yi dusa sosai.

To, injin fa? Ruwa yake fesawa ƙanana-ƙanana ta bututu da ƙarfin iska, ɗigon ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Ba ya ƙirƙirar sanyi. Sai ma'auni ya sauka zuwa wajen digiri 2 ƙasa da sifili, iska kuma ta zama busasshiya, sannan aikin ke yiwuwa. In dare ya yi ɗumi da laima, abin da ke fitowa caɓi ne, da safe ya sandare kamar gilashi, mai zamiya ya taka ya kife. Ga kuma ruwa: rufe hekta ɗaya da santimita 30 na cin lita sama da miliyan ɗaya, kuma a kan maimaita kafin hunturu ya fita. Dole a haƙa tafki a kan tsauni, a ja ruwan da famfo mai shan wutar lantarki. A Italiya kusan kashi 90 cikin 100 na filayen zamiya sun dogara da wannan, gasar Olamfik ta hunturu a Beijin a 2022 ma kusan dukkanta a kan dusar inji aka yi ta.

Wasu na tara dusa tsibi guda su lulluɓe ta da garin katako ta wuce bazara, kamar yadda ake yi a Davos ta Suwizalan. Dabara ce mai kyau, amma gajeren fili kawai take rufewa.

Abin da ya fi damunmu shi ne ruwan sama da ke sauka a kan dusa tsakiyar hunturu. Yana narkar da ita, yana ƙara mata nauyi har ta zaftaro. Da ƙasa ta bayyana kuma sai ta sha zafin rana, alhali sabuwar dusa na mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na hasken, sai narkewar ta ƙara sauri. A Bolibiya, ƙanƙarar tsaunin Chacaltaya da ake zamiya a kanta a tsayin sama da mita 5,000 ta ɓace a 2009. Suwizalan ta yi asarar kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar tsaunukanta a 2022 da 2023 kaɗai, kuma daga can kogunan Rhine da Rhone ke samun ruwan da manoma da jiragen dako ke jira a lokacin zafi.

Wassalam.
Daga wasu masu nazarin yanayin tsaunuka.