Malam ka ba ni shawara: Kwannawa, More, ko in haƙura cikin gari?

Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya zafi, ya jama'a. Allah shi ƙara ma lafiya da basira. Ni mai sauraren shirinka ne tun ban yi aure ba, amma ban taɓa rubuto ma ba sai yau da abu ya sha mini kai. Roƙona na farko don Allah in za a karanta kada a faɗi suna ko lamba, domin Innata ba ta rabuwa da rediyo, har bisa tabarmar salla yake kwana, kuma in taj ji na kai maganar gida waje na shiga uku.

Shekarata 34, ina koyarwa wata makarantar sakandare ta gwamnati nan cikin garin Sakkwato, in an tashi kuma bayan la'asar ina zama shagon wani abokina kusa da babbar kasuwa ina ɗan taɓa POS har magariba. Shekara shida ke nan da aurena, ɗiya biyu, namiji ɗan shekara biyar da mace 'yar shekara biyu da rabi, ga iyalina da ciki wata biyar. Tun da anka kawo ta muna nan gidanmu na gado wajen Ƙofar Marke, ɗaki guda da 'yar rumfar kwano da na kafa mata don girki. Magidanta huɗu ne cikin gidan kuma bayi biyu kacal, da safe sai ka ga layi awa na gidan mai. Ka san bazarar Sakkwato, daga watan uku zuwa na biyar zafi ya wuce 40, ɗakin ba ya kwantuwa, kowa waje yake shimfiɗa, matar wa da matar ƙane duk tsakar gida guda, ni dai abin ya daɗe yana damuna. Yanzu ga ƙanena za shi aure bayan babbar Salla kuma ba inda za a sa amarya sai in wani ya tashi. Ba wanda ya ce mini tashi, amma duk sadda anka tada maganar sai a yi shiru a dube ni, ni ne mai albashi.

Abin da ke hannuna duka-duka miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ne, rabin daga adashin malamai da na kwasa, rabin kuma kasona na wata gonar babanmu da munka sayar. Ban taɓa riƙe kuɗi haka ba kuma ban ga ranar da zan sake riƙewa ba, shi ya sa nake tsoron in yi musu kashin banza.

Na fara da cikin gari. Wata biyu ina yawo da dillalai, Mabera, Gawon Nama, Runjin Sambo, Arkilla, duk inda na ga ciki da falo da kicin da bayi mai ɗan mutunci sai a ce haya dubu 380 a shekara, wani 450, ban da la'adar dillali, wani mai gida ma yac ce sai na biya shekara biyu a dunƙule. Wanda na samu na 300 a Mabera na ji daɗi har na kusa ba da kafin alƙalami, sai wata tsohuwa maƙwabciya ta jawo ni gefe ta nuna mini zanen ruwa jikin katanga, ya kai gwiwa, tac ce ɗana in damina ta faɗi kwale-kwale za ka saya. Dillalan sun ce abin da ya tada haya shi ne mutanen da rashin tsaro ya koro daga wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, kowa ya kwaso iyali ya yo birni, to ai ba ka ga laifinsu, Allah shi kawo muna sauƙi.

Shi ne wani abokin aikina da ya koma Kwannawa bara ya yi ta zuga ni. Na je na gani, gaskiya wurin ya burge ni, ga iska ga fili, gida ciki da falo da tsakar gida naka kai kaɗai dubu 180, ba mai leƙa tukunyar matarka. Ya kuma nuna mini fuloti can baya kaɗan da titin Gusau, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Amma da yake ni malamin lissafi ne sai na ce bari in gwada kafin in yanke. Iyalinsa sun tafi biki garinsu, na roƙe shi in kwana wajensa sati guda, ina fita aiki daga can ina rubuta duk sisin da na kashe bayan wani tsohon littafin rajista. Malam abin da na gani ya sanyaya mini gwiwa. In zan koma gida cin abincin rana in sake fitowa kasuwa sawu huɗu ke nan, mashin ɗina yana shan sama da lita guda kullum, wata zai kama kusan dubu 30, alhali yanzu daga Ƙofar Marke dubu takwas na isata domin makarantar ma wata rana da ƙafa nake zuwa. Bambancin ya haura dubu 20 a wata, a shekara dubu 260 da wani abu, ke nan ragin dubu 200 da na samu ga haya mai ya cinye shi har ya nemi ƙari. In kuma na ce ba ni komawa da rana, to shinkafar mai abinci ce kullum, ita ma kuɗi ce, kuma in fita yara na barci in dawo suna barci. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, wanga lissafi ko tunaninsa ba zan yi ba. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70, mun gode, amma kai ma ka san mudun gero bai tsaya jiran kowa ba.

Ban gama ba, akwai ruwa. Layin da abokina yake famfo bai kai ba, sai 'yan garuwa masu kura, kuma mai bohol ɗin unguwar in ba wuta sai ya tada janareto ya ƙara kuɗi. Mace mai jego da wankin zannuwa da yara biyu, kura guda ba ta kwana biyu. Nan cikin gari ko famfo ya yi kwana uku bai zo ba muna da tsohuwar rijiya cikin gida.

Sai na juya wajen More, ƙetaren gada in ka wuce Tashar Illela. Nan kam ya fi mini kusa da kasuwa, minti kaɗan ka shigo gari, kayan miya arha ne don ga fadama nan, ruwa ba ya nisa in ka gina rijiya. An nuna mini fili dubu 800, har zuciyata ta kwanta, na fara lissafin in na saya saura miliyan guda, in kewaye da bulo in tada ɗaki guda da bayi mu shiga haka nan ko ba filasta, sauran a hankali. To amma filin gangare ne, yana kallon fadama. Ni kuwa ban manta ambaliyar 2010 ba, ina saurayi lokacin, ruwan Rima ya cinye hanyar jami'ar Ɗanfodiyo har sai da anka koma ƙetarewa da jirgin ruwa, ƙauyukan bakin gulbi da yawa sunka tashi. Na tambayi dillalin yac ce haba malam wancan ai tsohon zance ne, na tambayi wani dattijo mai sayar da rake bakin hanya shi kuma ya yi dariya yac ce ruwa ba ya manta hanyarsa. Ga sauro, magariba guda na yi wurin na dawo da ƙafafu duk kumburi. Filayen da ke bisa tudu kuwa kuɗinsu ya ninka.

Wajen Kalambaina ban daɗe ba, tirelolin siminti da ƙura, yarona kuma da ma yana fama da tari duk hunturu. Dundaye ɗalibai sun tada haya. Bodinga da Kware da Dange sun yi nisa ga mai aiki biyu.

Wani abin da ke ƙara ba ni tsoro shi ne takarda. Duka filayen biyu takardar mai unguwa ce da shaidu, ba ta gwamnati ba. Akwai malamin da muke aiki tare, ya sayi fili irin haka ya zuba yashi da bulo dubu, ranar da ya kai magina sai ga wani da tasa takardar, ashe magada ne sunka sayar sau biyu, yau shekara biyu suna kotu bulon ma an kwashe rabi. Ni ban san ta inda ake fara bincike ba, in na je ma'aikatar filaye mi zan tambaya, nawa zan tanada, kuma ko suna iya gaya mini in wurin hanya ce ko makaranta a tsarin gwamnati kafin in biya?

Yanzu ga inda abin ya fi ƙarfina, wato mutanen gida. Iyalina ita dai a tashi, tac ce ko bukka ce in dai tata ce ta yarda, ta gaji da a ƙirga mata naman miya da ido. Ban ga laifinta ba, ta yi haƙuri shekara shida ban taɓa jin ta da kowa ba. Amma tana ɗinki kuma tana ƙulla zoɓo da kunun aya, duk masu sayenta 'yan unguwa ne da yaran islamiyyar kusa da mu, da wannan take ɗauke mini sabulu da omo da kuɗin tara na yara, in munka koma bayan gari sai ta fara daga farko, kuma ba wuta ba ƙanƙara. Na gaya mata, tac ce Allah na ko'ina. Sannan haihuwarta ta biyu tiyata anka yi mata, tana awo asibitin mata da yara na Maryam Abacha, likita ya ce wagga ma kada ta kuskura ta haihu gida. In naƙuda ta tashi ƙarfe biyu na dare a Kwannawa ko More, ni da mashin, wa zan buga ma ƙofa? Nan unguwarmu kafin in ɗaga murya mota uku ta fito.

Inna kuwa ko zancen ba ta son ji. Tac ce kakanninmu nan sunka zauna kusa da Hubbaren Shehu, ni ne zan kwashi jikokinta in kai su daji inda ba ta ganinsu sai Salla. Tana da hawan jini, ni ke kai ta awo, ni ke duba ta sha magani, sauran 'yan uwana ba su da wannan natsuwar. Kuma duk labarin ɓarayin daji da ta ji a rediyo, ko a wace ƙaramar hukuma ya faru, sai ta kira ni tac ce ka ji ko, can kake son zuwa. Na yi mata bayani cewa wuraren nan manne suke da gari ga ma barikin soja na Giginya ta wajen hanyar Kwannawa, ba ta saurara ba. Kawuna shi kuma, ƙanenta, kullum cewa yake sayi ƙasa yaro, haya zubar da kuɗi ce, wai shi da idonsa ya ga Mabera da Arkilla suna gonakin gero, waɗanda anka yi ma dariya da sunka saya lokacin su ne masu gidajen haya yau. In na zauna da shi sai in ji gobe zan biya, in na shiga ɗakin Inna sai jikina ya mutu.

Akwai wata dabara da ta zo mini, ban gaya ma kowa ba tukuna. In sayi filin Kwannawa in kewaye shi ko da rabi ne in bar shi, sannan da ɗan abin da ya saura in kama ɗaki biyu cikin gidan haya na tarayya nan kusa, Rijiyar Ɗorawa ko wajen Ƙofar Kade, mu lallaɓa shekara biyu ko uku har ta haihu ta yaye, ina tara bulo a hankali. Amma wannan fa fita ce daga gidan yawa zuwa wani gidan yawa, na baƙi ma, kuma na san ranar da na faɗa ma iyalina za ta yi kuka, domin na riga na kai ta ta ga gidan Kwannawa har ta zaɓi inda za ta ɗaura igiyar shanya. Ga siminti kullum ƙara tashi yake, ina tsoron shekara uku ta zama goma, in zama mai fili a baki mai haya a zahiri.

To Malam ka dube ni awa ƙanenka ka gaya mini gaskiya. Mai ƙaramin ƙarfi irina, gara ya biya haya mai tsada kusa da aikinsa da asibiti da mahaifiyarsa, ko ya ciji yatsa ya fita bayan gari ya mallaki nasa? Lissafin man da na yi daidai ne ko akwai abin da ban sa ba? In fita ce, tsakanin nisan Kwannawa da ruwan More wane ya fi sauƙin ɗauka? Kuma ta wace hanya zan bi Inna ta sa mini albarka, don ba ni iya tashi tana fushi, in tura kawu ne ko in samu limamin unguwa? Ina kuma roƙon masu saurare da ke zaune waɗannan unguwanni, musamman waɗanda sunka yi damina biyu ko uku can, su bugo su faɗi abin da sunka gani, ba abin da dillali ke faɗi ba.

Mai filin Kwannawa ya ba ni zuwa ƙarshen wata, yac ce akwai wani ɗan kasuwa da ke zawarcinsa, ban sani ba ko gaskiya ne ko salon ciniki ne. Don Allah in da hali a karanta tawa cikin shirin wanga sati.

Na gode, Allah shi saka da alheri.
Naka mai saurare, daga cikin garin Sakkwato.